Takwarar 'Yar Sallau Mai Albasa

Ku matso kusa, ku ajiye wayoyin nan su huta. Mai son gardama ya gyara zama da kyau, domin labarin nan ba a jin sa a tashi baki shiru.

A wani gari da ake kira Zangon Ɗinya an yi wani manomin albasa mai suna Sallau. Mutum ne mai fara'a, mai saurin alkawari, irin waɗanda sai sun gama magana sannan su fara tunani. Sunan matarsa Lantana, kuma kowa a garin ya san yadda yake ji da ita. Abokansa na fadama har tsiya suke masa, wai ko albasa ya tono sai ya ware mai kyau ya ce wannan ta Lantana ce.

To, garin yana da wani ciwo da ya daɗe yana ci masa tuwo a ƙwarya. Mace za ta haihu lafiya, a yi suna, a rangaɗa guɗa. Bayan mako uku ko huɗu sai ƙafa ta fara kumbura, numfashi ya yi wuya, tari ya hana ta kwanciya sai a jingine. Wasu su tashi, wasu kuma a bar jariri a hannun kaka. Yayar Sallau ma haka ta tafi. Mutanen garin suna cewa sanyi ne ya shige ta, maganin sanyi kuwa ai zafi ne. Saboda haka da an ga ƙafar mai jego ta tasa, sai a ƙara wa ruwan wanka wuta, a ƙara garwashi ƙarƙashin gadon ƙasa, a ƙara kanwa a kunu. Kada ku ce mugunta ce, wallahi so ne. A Zangon Ɗinya da tsayin tarin itacen jego ake gane mijin kirki.

Wata shekara wasu masu bincike suka zo cikin farar mota. Suka ɗebi jinin mata a 'yan kwalabe, suka ɗauki hotuna, suka yi mako biyu, suka ce za su dawo da amsa. Har yau ana jiran su. Tun daga nan, duk wanda ya shigo garin da takarda da biro yana tambayar lafiyar mata, sai a ba shi ruwa ya sha, a yi masa rakiya har bakin hanya.

Ana nan sai Allah ya haɗa wasu mata uku a kan wannan ciwo.

Ta farko Dakta Kubura, likita kuma malama a jami'ar da ke birni. Ita ce ta lura cewa mata daga yankin Zangon Ɗinya suna isowa asibiti a makare, kuma duk ciwonsu iri ɗaya. Abin ya tsaya mata a rai. Ta rubuta wa wata likitar zuciya da ke koyarwa a wata jami'a can ƙetaren teku, ta ce ta zo su haɗa kai. Amma Kubura ta ji labarin farar mota, don haka kafin baƙuwar ta sa ƙafa sai da ta gindaya sharuɗɗa, aka rubuta, jami'o'in biyu suka sa hannu. Ba za a taɓa mace ba sai an yi mata bayani da Hausa ta ce ta yarda. Jini ba zai haye teku ba, a nan za a auna shi. Duk abin da aka gano, mutanen gari za su fara ji kafin na waje. Kayan aiki in sun shigo, sun shigo ke nan. Aikin kuma ba na damina ɗaya ba ne.

Ta biyu ita ce baƙuwar, sunanta Hanna, amma kafin ta yi mako guda matan gari sun mai da ita Hannatu. Ta zo da wata 'yar na'ura da ake ɗora wa mutum a ƙirji a ga zuciyarsa tana motsi a jikin allo. Sai dai a zuwanta na farko ko buɗe jakar na'urar ba ta yi ba. Zama kawai take yi a tabarma, tana ɓare gyaɗa da mata, tana kwaɓa Hausa suna kwashewa da dariya. Da lokacinta ya cika ta yi sallama ta tafi.

Ta uku Inna Tabawa, unguwarzomar garin, wadda rabin mutanen Zangon Ɗinya ita ta yanke musu cibi, har da Sallau. Tsohuwa ce mai kaifin ido da kaifin harshe, kuma in ta ce a rufe ƙofa, ko mai gari bai isa ya ce a buɗe ba. Ranar da Hannatu ta tafi, Inna Tabawa ta taɓe baki ta ce, "Ta tafi ke nan, kamar 'yan uwanta." Sai ga shi bayan an cire amfanin gona baƙuwar ta dawo, tana bin gida gida tana tambayar jarirai da sunayensu, har ta tuna wanda yake fama da haƙori wancan karon. Inna Tabawa ta daɗe tana kallon ta, sannan ta yafa gyale ta ce, "Wannan ta san hanyar dawowa. Ku biyo ni." Daga ranar babu ɗakin mai jegon da ya gagare su shiga.

Shekara uku suna aiki. Dakta Kubura tana zuwa ɗakin shan magani na garin duk ranar Alhamis, Hannatu tana zuwa duk kaka ta yi wata biyu, tana koya wa Kubura da ɗalibanta sirrin na'urar har hannunsu ya faɗa. Da suka gano abin da suka gano, sai suka cika sharaɗi, suka tara matan gari a makarantar firamare. Suka nuna musu zuciyar mai lafiya a allo, suka nuna ta mai kumburi. Kubura ta yi bayani cewa ba sanyi ba ne, zuciya ce take gajiya bayan haihuwa, kanwa mai yawa tana tara ruwa a jiki, zafi mai yawa kuma yana ƙara wa gajiyayyar zuciya aiki. Har nan komai lafiya. Sai Hannatu ta miƙe, da zuciya ɗaya, ta ce to daga yau a daina wankan jego.

Kai, sai ka ga mata suna tashi suna kakkaɓe zannuwa! Aikin shekara uku ya kusa zubewa a wuri ɗaya.

Inna Tabawa ta buga sandarta a ƙasa ta ce kowa ta zauna. Ta dubi baƙuwar ta ce, "Hannatu, duk ilminki, kin taɓa jin mai jegon da ta ƙi wanka ta kuma zauna lafiya da surukarta?"

Hannatu ta yi ja har kunne. Ta ce, "Na yi kuskure, Inna. Ku gaya mini yadda za a yi."

Wannan tambaya ita ta ceci aikin, amsar kuma a bakin tsohuwa take. Ta ce wanka yana nan, amma mai yi wa mai jego wanka za ta fara tsoma gwiwar hannunta a ruwan ta ƙirga goma, in ba ta iya jurewa ba a sirka. Garwashi ya fita daga ƙarƙashin gado. Kunu yana nan, amma na tsamiya. Sannan ta kawo wata dabara tata: ranar suna za ta ɗaura wa kowace mai jego zare a idon sawu, sakwa-sakwa yadda yatsa zai shiga. Ranar da zaren ya fara cin nama, ba jira, sai ɗakin shan magani. Dakta Kubura ba ta karɓi dabarar haka kawai ba. Sai da ta yi shekara biyu tana gwada maganar zare da maganar na'ura, ta ga da wuya su saɓa. Da aka buga sakamakon aikin a takardar masana, sunan Inna Tabawa yana jere da nasu. Ba ta karatun boko, amma sai da ta sa aka karanta mata wurin sau uku.

A cikin shekarun nan kowace sai da aka ja ta gefe. Jami'ar Hannatu ta ce wa'adin aiki ya cika, ta tattaro na'ura ta dawo gida. Hannatu ta ce na'ura ba ta dawowa, ga sa hannunku, ta kuma yi ta hawa da sauka a ofisoshinsu har suka gaji suka sabunta yarjejeniyar. Ita ma Kubura an yi mata tayin babban aiki a ƙasar waje, 'yan uwanta suka ce ta tafi, ta ce wa zai je Zangon Ɗinya ranar Alhamis? Mace-macen masu jego suka ragu a garin, har tsofaffi suka fara cewa ai dama su tun can ba su cika son kanwa ba.

Duk wannan Sallau yana fadama. Ya ji ana yi, amma ya ɗauka zancen mata ne, bai taɓa tsayawa ya tambaya ba.

A shekara ta bakwai Lantana ta samu cikin fari. Kun san al'ada, haihuwar fari a gidan iyaye ake yi, sai aka kai ta ƙauyensu can hayin rafi, inda labarin gwiwar hannu da kunun tsamiya bai ƙarasa ba. Ta haifi ɗa namiji. Ranar suna Inna Tabawa ta je ta ɗaura mata zare, ta ja kunnen kakar Lantana, wadda ita ce mai wankan, kakar ta ce to, to, irin ta wanda ba zai yi ba. Shi kuwa Sallau murna ta cika shi. Ya tuna yayarsa, ya ce sanyi ba zai taɓa shigar masa mata ba. Ya loda wa jakuna uku itace, ya sayi curin kanwa kamar kan mutum, ya aika hayin rafi yana taƙama.

Kwana ashirin da uku da haihuwa, Inna Tabawa ta ga shiru ba aike. Ranta bai kwanta ba. Da sassafe ta ɗauki sandarta, tsohuwa mai shekara saba'in da ɗoriya, ta ratsa rafi da ƙafa. Ta tarar da Lantana a jingine da bango tana jan numfashi da ƙyar, kakarta kuma tana hura wuta ƙarƙashin tukunya. Ta ɗaga zanen ta duba sawu. Zaren ya nutse cikin nama, sai ƙullinsa kaɗai ake gani.

Ta ce a kawo amalanke. Kakar ta tare ƙofa ta ce ba a taɓa fitar da mai jego ba kafin arba'in, kuma ba a gidanta za a fara ba.

Inna Tabawa ta ce, "Yaya, ni da ke mata nawa muka yi wa wankan jego? Nawa a cikinsu muka koma muka yi wa wankan gawa? Ki ƙirga, ina jira."

Kakar ba ta ƙirga ba. Ta matsa daga bakin ƙofa tana share ido da bakin zane.

Aka aika wa Sallau, ya zo da gudu da laka a ƙafa. Inna Tabawa ta nuna masa ragowar curin ta ce, "Kanwar wa ce wannan?"

Ya ce, "Tawa ce, Inna."

Ta ce, "To, ka gode wa Allah yau Alhamis."

Suka iso ɗakin shan magani Dakta Kubura tana nan, kamar yadda take kowace Alhamis shekara bakwai. Ta ɗora na'ura a ƙirjin Lantana, ta kira Sallau ta nuna masa zuciyar matarsa ta buɗe tana motsi a kasale. Ya zauna daɓas a ƙasa, domin ya gane da hannunsa ya sayo abin da ya kusa raba su. Kubura ba ta yi masa faɗa ba. Ta yi wa Lantana allurar da ke janye ruwa daga jiki, ta sa ta a motarta da jariri da komai, ta tuƙa da kanta har asibitin birni. Kwana biyu jikin ya ƙi sauƙi. A na uku Kubura ta tura wa Hannatu hotunan zuciyar, suka yi ta magana a waya suna auna wannan suna ajiye wancan. Hannatu ta taɓa ganin ciwo mai taurin kai irin wannan sau biyu a rayuwarta, ta faɗi yadda aka yi a lokacin, Kubura ta daidaita magungunan da jikin mai shayarwa. Kafin mako ya zagayo Lantana ta kwanta a miƙe a gado ba tari, ta farka ta ce tana jin yunwa.

Ranar da ta dawo gida garin ya cika da guɗa. Sallau ya tsaya a ƙofar gida, hawaye da dariya a haɗe, ya ɗaga murya gaban kowa ya ce, "Ku shaida, in Allah ya ba ni 'ya mace, sunan wadda ta ceto Lantana zan sa mata!" Wani daga baya ya ce, "Wace a ciki?" Sallau ya ce Allah dai ya kai mu. Na gaya muku, sai ya gama magana yake fara tunani.

Dakta Kubura ta ce kada a yi gaggawar wani ciki sai zuciya ta koma daidai. Shekara huɗu Lantana tana zuwa awo, Sallau yana rako ta, ya zauna gaba-gaba yana tambayoyi har ɗalibai suka sa masa suna ƙaramin likita. Ran nan Kubura ta daɗe tana duban allo, sannan ta yi murmushi ta ce zuciyar ta dawo. Ta ce za a iya gwada ciki ɗaya ana sa ido, amma daga shi a rufe, kada a ƙure sa'a. Suka yarda. Allah ya kawo cikin, aka raine shi Alhamis bayan Alhamis, aka sauka lafiya a ɗakin shan magani. Mace! Inna Tabawa ta yanke cibi, Kubura tana tsaye. Hannatu kuwa da ta ji labari sai ta matso da zuwanta na kaka, ta iso kwana biyu kafin suna da 'yar hula da ta saƙa da hannunta.

A wannan karon buhun tsamiya Sallau ya sayo, itace kuma ɗan kaɗan. Abokansa suka ce ashe son ya ragu. Ya ce su je su tambayi gwiwar hannun matansu.

Sai dai fa alkawari yana nan, kuma garin bai manta ba. Ko da aka yi wa jaririya huɗuba, Sallau ya ce a bar maganar suna tukuna. Ya shiga wurin Lantana ya ce ta taimake shi ta zaɓa. Ta yi dariya har sai da ta riƙe ciki, ta ce, "Malam, ni a lokacin numfashi nake nema. Kai ne mai bakin alkawari." Ya je gaida Inna Tabawa ko zai ji wani abu. Ta ce ita ba ta roƙon suna, amma dai ya tuna wanda ya yanke masa cibi. Kubura ta ce ita ko da takwara ko babu, ranar Alhamis tana nan tafe. Hannatu ta ce sunan ma ai su suka gyara mata shi, in sun ga dama su ƙara amfani da shi. Ya dawo gida kansa ya fi ɗaurewa.

Safiyar suna ta yi. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, ga goro ga dabino, ga rago an riƙe, wanzami yana wasa aska, maroƙi yana gyara murya. A cikin gida mata uku suna zaune a tabarma ɗaya suna karɓar jaririya hannu da hannu, Lantana tana kallon su da sabon zare a sawu, sakwa-sakwa. Liman ya gyara rawani, ya karkato da kunnensa wajen Sallau.

Sallau ya buɗe baki zai ce Tabawa. Ai ba don ita ba da ƙofar garin ba ta buɗe ba tun farko. Zaren nata ne, ƙafar da ta ratsa rafi tata ce, kuma babu likitan duniya da zai iya kawar da waccan kaka daga bakin ƙofa.

Sai ya tuna Kubura. Da an ɗauko Lantana an tarar da ɗakin shan magani a rufe fa? Ita ta fara ganin ciwon, ita ta kafa sharuɗɗan da suka hana a sake yi musu irin ta farar mota, ita ta ƙi tafiya waje, ita ta tuƙa motar, kuma shekara huɗu tana gadin wannan zuciya har ta ce masa yau ta dawo. Da ba ta faɗi haka ba, da babu jaririyar ma da za a raɗa wa suna.

Sai kuma ya hango 'yar hular nan a ransa. Matar da ba ta da dangi a garin ko na nesa, ta bar gidanta shekara goma sha biyu tana zuwa tana dawowa. Na'urar da ta nuna masa zuciyar matarsa ita ta kawo, ita ta koyar, ita ta hana a mayar. A kwana na uku, da magani ya ƙi ci, muryarta aka nema. Kuma ita ce mai ilmin da ta tsaya gaban matan ƙauye ta ce na yi kuskure, ku gaya mini.

Kada wani ya ce mini a jera mata sunaye uku, liman ya riga ya ce ɗaya zai karɓa. Kada kuma a ce a jira ƙannenta, kun ji abin da likita ta faɗa, daga wannan an rufe. 'Ya ɗaya ce, suna ɗaya ne. Rana tana ɗagawa, rago yana ta kuka, wuyan liman ya fara gajiya da karkata, Sallau kuma gumi ya jiƙa masa hula.

To, ku da kuka ji komai, sunan wa zai raɗa a kunnen liman: Tabawa, ko Kubura, ko Hannatu?